Jan Ruwan da Na Gani a Gidan Su'ada

Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ara mini kunne. Ga ta nan, amma ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata na je na ɗebo ta.

Tun da na dawo daga Umra kuke damuna. A gidan suna a tare ni, a gidan gaisuwa a tare ni: "Hajiya Tabawa, yaya Makka? Yaya 'yar wan naki da aka ce kin gano?" Sai in ce sai godiya, in kawar da kai. Yau dai na zaunar da 'yata Saratu, ita da ta yi boko, na ce ta ɗauki biro, don ni ko bihim ban sani ba a takarda. Na kuma gargaɗe ta kada ta rufa mini asiri a inda ban rufa wa kaina ba.

Ina da wa, Yaya Idi. Ban isa ɗaukar tulu ba ya bi masu tafiya Makka ta ƙasa, ta Sudan, bai ƙara waiwayo Kazaure ba. Innarmu ta rasu da sunansa a bakinta. Can daga baya muka ji ya zauna a Makka, ya yi aure, ya rasu, ya bar 'ya ɗaya mai suna Su'ada. Da ɗana ya biya mini Umra, wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a can ya samo mana lambar wayarta. Don haka niyya biyu na ɗauka. Ta farko Ɗakin Allah. Ta biyu in ƙulla zumuncin da ya tsinke sama da shekara hamsin, domin ni kaɗai na rage a ɗakinmu. In ban ƙulla ba, babu mai ƙullawa.

Mota ta kai mu Kano, aka haɗa mu da ayarin mata. Nan na gamu da Hajiya Balaraba, 'yar kasuwa, zuwanta na huɗu ke nan. Kafin mu hau jirgi na san sunayen surukanta duka da laifin kowace. Amma mace ce mai taimako. Ita ta ɗaure mini igiyar kujera, ita ta riƙe hannuna da jirgi ya ɗaga, ita kuma ta yi ta dariya da na fito daga banɗakin jirgin a guje, don da na danna abin ruwa ya yi wata ƙara na ɗauka ƙasan ne ya ɓalle.

A Jidda aka sa mu a layi, kowa ya ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi. Kowa ya wuce, ni na'ura ta ƙi ni. Daka da sussuka da wankin kanwa sun cinye zanen yatsuna. Ma'aikacin ya goge, ya shafa mini mai, ya danna, yana ta "Ya hajja, ya hajja," har sau shida kafin ta karɓa. Da muka je wajen kaya kuma wani ya kwance ƙullin daddawar da na yi wa Su'ada tsaraba. Ya kai hanci, ya ja da baya har hularsa ta karkace. Balaraba ta yi ta yi masa kwatancen miya da hannu, tana tuƙa iska tana lashe yatsa, sai da ya gaji ya ce mu tafi.

Masaukinmu a Makka a unguwar Kudai yake, mu shida a ɗaki, da na'urar sanyi mai hura mutum kamar ta yi gaba da shi. Da safe gurasa ce faɗin faifai da dakakken wake, da rana shinkafa da rabin kaza. Abinci ne na kirki, amma a kwana na uku cikina ya fara kiran tuwo. Sai Balaraba ta kai ni gidan Asma'u, matar wani ɗalibi, wadda ke tuƙa tuwo tana sayar wa baƙi. Duk macen da ke jin Hausa a wannan yanki, baƙuwa ko 'yar gari, sai ta bi ta wannan falo.

Ganin Ka'aba kuwa ba zan faɗa ba, don ba ya faɗuwa. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah Ya kai shi.

Bayan mun sauke Umra, mijin Su'ada, Bakur, direban tasi, ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansu a unguwar Rusaifa. Tana buɗe ƙofa na ga wushiryar Yaya Idi a bakinta. Ta rungume ni, ta sumbaci goshina, tana cewa, "Ya ammati, ya ammati!" Ammati shi ne gwaggo a bakinsu. Hausarta rabi ce, sauran Larabci ke cikawa.

"Baba kullum yana cewa ina da ƙanwa ƙarama, mai kuka," in ji ta. "Ashe ke ce, ammati? Wallahi ba ki da ƙarama!"

Muka yi kuka, muka yi dariya. Ta kawo gahawa a wani ɗan kofi kamar marfin kwalba, shi ma ba ta cika ba. Na ce a raina, 'yar Yaya ko dai marowaciya ce? Ina shanyewa ta ƙara, ina shanyewa ta ƙara. A wajenmu ba a mayar da hannun mai bayarwa, sai na yi ta sha har zuciyata ta fara lugude. Sai da Bakur ya leƙo ya ce, "Gwaggo, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. In ba haka ba har Magariba za ta yi ta zuba miki." Ta gaya mini sana'arta: ita ke shirya tiren cakulan da cuku da abin sha a gidajen bikin mata. Na koma Kudai ranar ina jin igiyar ta kamu.

Kwana biyu bayan haka Bakur ya sake ɗauko ni, da la'asar. Ya ajiye ni a ƙofa ya wuce aiki. Na shiga falo, na tarar da mata biyar a zaune da Su'ada, sun kewaye tebur. A kan teburin ga baƙaƙen kwalabe masu dogon wuya, an naɗe bakinsu da takarda mai ƙyalli. Ga kofunan gilashi masu ƙafa ɗaya kamar zalɓe. A ciki jan ruwa, ja wur, wani har ya yi baƙi. Ina tsaye ina kallo, kowace ta ɗaga kofi ta duba, ta juya shi a hankali, ta cusa hanci ta shaƙa, ta kurɓa, ta kurkure baki, sannan ta tofar a wata tasa.

Jama'a, na taɓa ganin wannan. A talabijin ɗin gidan ɗana na gani, Turawa na yi, da irin kofin, da irin juyawar, aka ce mini giya ce.  Tofarwar nan ita ta fi tsaya mini. Na ce a raina, wato dabara ce: su ji daɗinta a baki, su tofar, ranar gobe su ce ba su sha ba. A garin Ɗakin Allah!

"Ahlan, ammati! Taho, zauna. Ki ɗanɗana wannan."

Ta miƙo mini kofi. Na ɓoye hannuna a mayafi.

"Azumi nake."

"Yau? Talata?"

"Na nafila ne."

Ƙarya nake. Tuwon Asma'u na cikina. Da na buɗe baki na ce, 'yata, mene ne wannan, da an gama. Amma yaya za a yi in dubi 'yar wana, a ganinmu na biyu, a gaban baƙinta, in tambaye ta ko giya take sha? Sai na yi kara. Na zauna can gefe ina jan carbi, na ce kaina na ciwo, Bakur ya dawo ya mayar da ni. Ko ruwan gidan ban sha ba. Akwai rubutu a jikin kwalaben, manya-manya. Ni da su sai kallo.

Washegari bayan sallar Asuba, muna zaune a farfajiyar Harami muna jiran rana ta fito, abin ya ƙi zama a cikina. Na ce, "Balaraba, zan gaya miki magana, amma ki riƙe."

"Haba Hajiya, ni cikina rijiya ne."

Na zayyana mata. Ta dafe ƙirji. "Jan? A kofi mai ƙafa? Ai ita ce! Inna lillahi. Dama 'ya'yan da aka haifa a nan sai addu'a."

Ban ce mata ina zato ba. Cewa na yi na gani da idona.

Ranar nan da azahar ta je cin tuwo gidan Asma'u. Ita dai ta ce addu'a ta nema wa yarinyar. Amma ta faɗi sunan yarinyar, da unguwarta, da sana'arta.

Ana nan, ana nan, kwana huɗu Su'ada na kira ina cewa ba ni da lafiya. A na biyar sai ga ta a Kudai da hantsi, idanu sun kumbura. Ta faɗi a kan gadona.

"Ammati, an kashe ni. Ana cewa ina sayar da giya."

Ta ce wata uwar amarya da ta ba ta aikin biki ta janye. Matar mai gidan da suke haya ta hau har sama tana sansana kwalabe. Bakur ya ce in maganar ta kai kunnen hukuma, kafin a gane gaskiya an tozarta su. "A garin nan, ammati, wannan kalma ba ta jiran shaida. Ita kaɗai tana rushe gida."

Na ji muryata can ƙasa tana cewa, "To mene ne a kwalaben?"

"Ruwan inabi! Matsattsen inabi, da na rumman, da na tuffa. A kowane kanti ana sayarwa, yara ma suna sha. Matan da kika gani, su ke raba abin sha a biki, koya musu nake yi."

Balaraba ta ɗauki buta ta fice. Ba ta dawo ba sai da baƙuwar ta tafi.

Su'ada ta kama hannuna biyu. "Ke baƙuwar Allah ce, addu'arki ba ta faɗuwa. Ki je gaban Ka'aba ki roƙa mini. Allah Ya tona wanda ya yi mini wannan."

Ku ji abin da na yi. Na ce mata, "To." Na raka ta har bakin lif, na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Da la'asar na shiga ɗawafi. Na zagaya bakwai, bakina ya ƙi buɗewa. In roƙa a tona wa? Ina kallon Ɗakin, ina jin kamar Ɗakin na kallona. Ni da na zo ƙulla igiya, ga wuƙa a hannuna. In na yi shiru, zan koma gida da 'yar wa mai sona, da ƙarya a ƙarƙashinmu. In na faɗa, watakila in rasa ta har abada. Na zauna a kan marmara na yi kuka har wata Baturkiya ta miƙo mini dabino, ta ɗauka tsoron Allah ne ya kama ni. To, shi ne, amma ba irin wanda take zato ba.

Da safe na sa aka kira Bakur ya kai ni. Na ƙi zama a kujera. Na durƙusa a gaban 'yar da na girme wa da shekara ashirin da wani abu, na ce, "Wanda kike nema, ga ta."

 Ta yi magana mai tsawo da Larabci, ban ji ko ɗaya ba, na kuma gode wa Allah da ban ji ba. Sannan ta juyo Hausa.

"Don me ba ki tambaye ni ba?"

"Kunya na ji."

"Kunyar tambayata kika ji. Ba ki ji kunyar gaya wa bare ba?"

Sai ta ƙara jefo wata tambayar.

"Azumin ma?"

"Shi ma ƙarya ne."

Ta tashi ta shiga kicin. Na ji ruwa na zuba, na ji ya tsaya. Da ta fito ta ce, "Tashi, ammati, tsohuwa ba ta durƙusa mini. Maganar ta bakinki ta fita. Ta bakinki za ta koma."

Asma'u ta lissafa matan da ke falonta ranar da Balaraba ta yi magana, su bakwai. Ni da Balaraba muka bi su, daga Kudai har unguwar Shisha, ina shiga gida ina cewa ni ce na yi ƙarya, ku zo Rusaifa ranar Alhamis ku gani. Su'ada kuma ta gayyato matar mai gida.

Ranar Alhamis falo ya cika. Aka zaunar da ni a tsakiya kamar amarya, amarya mai furfura. Asma'u ta ɗauki kwalba ta karanta rubutun da ƙarfi, ta fassara: ruwan inabi zalla, babu abin maye. Su'ada ta ce, "Gaskiya ɗaya zan faɗa. Wannan hanyar ɗanɗano, masu giya ne suka fara ta a ƙasashensu. Mu mun ɗauki hanyar, mun bar musu giyarsu. Yalla, ammati, riƙe kofi."

Na cafke shi da hannu biyu kamar ƙwarya.

"La'a. A ƙafa ake riƙewa, kada zafin hannu ya ɗumama shi."

Da farin ruwan inabi aka fara, domin ta ce daga mai sauƙi ake hawa zuwa mai nauyi. Ta sa na ɗaga shi saitin farin ƙyalle in ga launinsa. Ta sa na juya, don ƙamshin ya tashi. Juyawar farko na watsa wa Balaraba rabi a zani.

"Hajiya, ramuwa ce?" in ji ta. Aka yi dariya, ban da ni.

"Sa hanci. Me kika ji?"

"Inabi."

"Ƙara."

Na ƙara shaƙa, na rufe ido. "Kamar… kamar ɓawon gwanda da ba ta gama nuna ba."

"Aiwa! Yanzu kurɓa kaɗan. Kada ki haɗiye. Ki zagaya da shi ko'ina a baki. Tofar."

Na dube ta. Ta gane abin da ke raina. "Kala goma ake ɗanɗanawa, ammati. In ka haɗiye duka, ciki ya cika, zaƙi ya kashe harshe, na biyar da na tara su zama ɗaya. Shi ke nan dalilin tofarwa."

Shi ke nan dalilin. A kan wannan na gina wa 'yar wana wuta.

Tsakanin kowane kala ana cin ɗan burodi a sha ruwa, harshe ya koma sabo. Ta ba ni farin cuku mai gishiri, ta ce in ci, in sake kurɓar farin. Sai ga zaƙin ya fito fili, tsamin ya kwanta. Na ce ashe irin goro ne: in ka ci ka sha ruwa, ruwan sai ya yi zaƙi. Ta ce haka ne, abu ɗaya ke buɗe wa ɗaya ƙofa. Jan inabi mai kauri aka haɗa shi da wani busasshen cuku mai garɗi. Na rumman yana da bauri, yana kama dasashi, shi cuku mai maiƙo ke lallashinsa. Sai ta turo wani cuku mai koren tabo-tabo, mai wari. Na kawar da kai.

"Ya ruɓe, 'yata."

"Daddawar Turawa ce. Ke da kika kusa sumar da ma'aikaci a Jidda?"

Na ci. Da zuma kaɗan a kai da jan ruwan a baya, wallahi ba laifi.

Cakulan aka ajiye ƙarshe. Ta ba ni baƙi, mai ɗaci, ta ce kada in tauna, in bar shi ya narke. Ta ba ni ruwa biyu in gwada. Da na farko bakina ya yi tsami kamar na lashi tsamiya. Da na biyu kuwa ɗacin ya narke ya zama wani abu mai daɗi da ban san sunansa ba. Ta ce ƙa'idar ita ce abin sha ya fi cakulan zaƙi, in bai fi ba, su yi faɗa a baki.

Na ƙarshen ban tofar ba. Na miƙe tsaye da kofin, a ƙafa na riƙe shi, na shanye a gabansu duka. Na ce, "Ku shaida. Ni Tabawa na ga abin da ban sani ba, na ƙi tambaya, na yi wa jinina ƙazafi a garin Allah. Duk inda kuka kai waccan magana, ku kai wannan." Matar mai gida ba ta jin Hausa, Asma'u ta juya mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta faɗi kalma biyu. Na tambayi Asma'u me ta ce, ta ce in bar shi.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Uwar amaryar nan ba ta dawo ba, ta ba wata aikin. Matar mai gida ta daina hawa sama, amma bayan wata shida Su'ada da Bakur suka tashi daga gidan suka koma Shisha, ta ce ta gaji da kallon da ake yi mata a matakala. Sana'arta ta farfaɗo a hankali, har yanzu tana yi. Asma'u mijinta ya gama karatu sun koma Gusau. Balaraba na nan tana kasuwancinta, in mun haɗu a taro mukan gaisa, kowa ta kama gabanta. Ba na ɗora mata. Rijiya ba ta zuwa gidan mutum, ni na je na zuba.

Su'ada ta ce ta yafe mini, ta faɗa ranar da zan taho, ta kuma sumbaci goshina. Takan kira ni da Sallah, ta ce ammati, in ce 'yata, mu tambayi lafiyar yara. Zumuncin ya ƙullu. Amma duk wadda ta taɓa ɗaure igiyar guga ta san inda ƙullin yake, nan hannu ke tsayawa kullum.

Saura mutum ɗaya. Mata bakwai ne a falon Asma'u, shida muka samu. Ta bakwai baƙuwa ce, doguwa, 'yar Damagaram, ta ci tuwo sau ɗaya, washegari jirginsu ya tashi. Asma'u ta ce da aka ambaci Su'ada matar ta ce ta san dangin uwarta a can. Babu wanda ya san sunanta. Na sa an tambaya har na gaji. Tana can da maganata ta farko, ba ta ji ta biyu ba. Don haka duk wadda ke da mai zuwa Damagaram a cikinku, ta ba shi wannan takarda, ya karanta wa duk wata doguwar Hajiya da ya samu.